Tattalin Da A Ke Yi A Ɓoye

Daga wani Jami'in Ilmi

Ran nan muna cikin darasin lissafi da ɗalibanmu na ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, watau waɗanda baɗi war haka za su kasance sun kama aji a garuruwa da ƙauyuka, sai muka ce kowa ya yagi 'yar takarda ya rubuta dabara guda wadda ya ke yi don kada kuɗinsa su ƙare, irin wadda ba zai so a faɗa a gaban surukansa ba. Muka ce kada kowa ya sa suna. Aka tara takardun a cikin hula, muka shiga karantawa ɗai-ɗai. Kafin mu kai ta biyar aji ya kaure da dariya, har malamin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya ga ko lafiya. Amma abin da muka lura da shi, duk takardar da aka karanta sai ka ga mutum uku ko huɗu sun sunkuyar da kai suna dariyar, kowa yana tsammani tasa ce aka ɗauko. Ashe abin da kowa ya ke ɓoyewa, shi na kusa da shi ma ya ke ɓoyewa.

Mun ga ya kamata mu kawo wannan magana gaban masu karatu, musamman malaman makaranta da akawunan ofis, gama su abin ya fi shafa. Manomi in hatsi ya yi tsada shi ma yana da na sayarwa. Ɗan kasuwa in aka ƙara masa kuɗi wurin sari sai ya ƙara wa mai saye. Amma mai albashi abin da aka yanka masa shi ke nan, daga wata sai wata, ga shi kuwa duk gari an san ranar da a ke biyansa, an kuma ɗora masa cewa lalle a gan shi da wankakkiyar riga da gogaggen wando.

Zamani kuwa bai raga masa ba. Tun daga ran 29 ga Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haye naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na abinci suka bi bayanta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da lissafi cewa ya zuwa Disamba 2024 tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda. Gaskiya ne a Yuli 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000, inda ya tsaya tun 2019, zuwa naira 70,000, amma kowa ya san wanda ya kan riga isa kasuwa tsakanin ƙarin albashi da ƙarin farashi. Saboda haka tattali ya zama tilas. Abin da ya rage shi ne mu san wane irin tattali ne na kirki, wane ne kuma ba shi ba, domin ba duka suka taru suka zama ɗaya ba.

DABARUN IYAYENMU

Kada wani ya ɗauka mu ne farkon shiga wannan hali. Iyayenmu da kakanninmu da suka yi aiki a zamanin En'e, tun kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sun fi mu sanin darajar kwabo. A lokacinsu kwabo 12 ne sule guda, sule 20 kuma fam guda, kwabon nan ma yana da ƙanensa, watau anini, wanda sai an tara 10 su ke yin kwabo. Akwai zamanin da kwabo da anini su ke da huda a tsakiya, mutane su kan zura su a igiya kamar dutsen wuya, don kada ko ɗaya ya salwanta.

Tsofaffin akawuna sun ba mu labari yadda a ke ɓare ambulan a hankali, a juya shi ciki ya koma waje, a liƙe da ƙaro a sake aika wasiƙa a cikinsa. Takardar da aka rubuta gabanta sai an cika bayanta kafin a yar. Fensir in ya gajarce har yatsa ba ta iya riƙe shi, sai a cusa shi a cikin kara a ci gaba da rubutu. Malamin da aka tura ƙauye ya kan rataya takalminsa a kafaɗa ya taka da ƙafa, sai ya hango ganuwar gari sa'an nan ya kakkaɓe ƙura ya sa. Wuyan taguwa in ya ci, a kai wa tela ya farke ya juya. Mai keke in tayarsa ta ƙi faci, ya ɗura mata tsumma ko ciyawa ya kai kansa gida. A cikin gida kuwa ba a ƙyasta ashana muddin akwai hayaƙi a maƙwabta, sai a aiki yaro da kasko ya ɗebo wuta. Kananzir in ya ƙare a koma wa a-ci-bal-bal da man gyaɗa.

Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan abubuwa a fili a ke yinsu, ba mai dariyar wani, gama duk gari haka a ke yi. Kunya ta shigo ne sa'ad da aka fara auna mutum da abin da ya sa a jikinsa da abin da ya hau, har ya zamana mai albashi yana ganin in aka kama shi yana tattali, an kama shi da talauci ke nan.

ABIN DA YA FITO DAGA CIKIN HULA

To, ga kaɗan daga cikin abin da ɗalibanmu suka rubuta, tare da wanda mu da kanmu muka gani wurin abokan aiki. Mai karatu ya duba ko zai ga fuskarsa.

Wani ya ce guntun sabulu bai taɓa faɗa masa a magudana ba, manna shi ya ke yi a bayan sabo su tafi tare. Wani ya ce in man goge baki ya ƙare, ya kan tsaga bututun da reza ya kwashe na lungu, ya ƙara kwana huɗu da shi, in ya ƙare ƙaf ya koma wa aswaki. Wani ya ce 'yar jakar ganyen shayi guda sau uku ya ke dafa ta, yana da ƙusa ta musamman a bayan ƙofa inda ya ke shanya ta, ko da ya ke ya amsa cewa a karo na uku abin da a ke sha ruwan zafi ne mai tuna wa mutum da shayi. Wata ta ce kwalbar turarenta ta sha ruwa har ta gaji. Wani ya ce batirin rediyonsa in ya mutu ya kan shanya shi a rana, ya ɗan farfaɗo ya ji labarun dare.

A wajen ci, ɗalibai suna da wani lissafi da ba ya cikin manhaja, wai shi sifiri-ɗaya-sifiri, watau ba karin kumallo, a ci na rana, a kwana haka. Wani ya ce in ya jiƙa garin kwaki ba ya sha nan take, sai ya rufe ya tafi ya dawo, ya tarar ya kumbura ya cika kwano, ido ya ƙoshi kafin ciki. Wata malama kuma ta gaya mana ba ta zuwa cefane sai rana ta yi sanyi, lokacin da masu tumatir da alayyafo su ke neman rabuwa da kayansu kafin su kwana su lalace.

A wajen sutura ne kunya ta fi yawa. Akwai mai tafiya kasuwar gwanjo ta Ƙofar Wambai a Kano da sassafe, ya ja hula har gira don kada ya yi kiciɓis da ɗalibinsa, ya zaɓi riga ya kai wa mai wanki da guga a kashe mata warin dila, in an yaba a ofis ya ce wani ɗan'uwa ne ya aiko masa. Wadda ta fi ba aji dariya ita ce ta wasu abokai uku 'yan ɗaki ɗaya, da suka haɗa kuɗi suka ɗinka babbar riga guda. Sun ce tun daga ran nan ba a taɓa ganin su uku a ɗaurin aure ɗaya ba, kullum biyu ba su da lafiya.

A wajen tafiya kuma, akwai mai sauka daga a-daidaita-sahu tun da sauran nisa don kada kuɗin ya ƙaru, ya ƙarasa da ƙafa, in an tambaye shi ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki. Akwai wanda wayarsa ba ta san wutar gidansa ba, sai ta ofis. Akwai kuma gwanin filashin, wanda tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001 ba a taɓa jin muryarsa da kuɗinsa ba, da ta yi ƙara sau ɗaya ya katse, ya zauna yana jiran a kira shi.

MASU ƁOYE WA KANSU KUƊI

Ban da rage kashewa, akwai wani fanni na tattali, shi ne ɓoye kuɗi. Mutum ya kan ɓoye wa ɓarawo, ya ɓoye wa dangi, amma wanda ya fi ɓoye wa shi ne kansa. Mai albashi ya sani in kuɗi suna aljihu, ɗan'uwa ya zo da kukansa, ba shi da bakin cewa babu. In kuwa ya riga ya kai su inda hannunsa ba ya kaiwa, sai ya ce babu da gaskiyarsa.

Wannan shi ne asirin asusu, ɗan tulun nan na yumɓu mai tsaga guda, wanda abin da ya shiga ba ya fita sai an fasa. Shi ne kuma asirin adashi. A misali, malamai 10 su riƙa zuba naira 5,000 kowane wata wurin uwar adashi, kowane wata mutum guda ya kwashi naira 50,000. Ba wanda ya sami ribar ko kwabo, abin da ka zuba shi ka kwasa, amma kunyar abokan zubi ta tilasta maka abin da ba za ka iya tilasta wa kanka ba. A nan kam kunya ta yi rana. Iyayenmu mata kuma suna da nasu bankin: jeren kwanuka a ɗaki, wanda baƙo ya ke ɗauka ado ne kawai, alhali in rana ta ɓaci a ɗauki ɗaya a kai wa dillaliya. Haka kuma akuyar da a ke ɗaure a bayan ɗaki. Wata biyar ta ke yi da ciki, sau da yawa kuma ta haifi biyu, ga shi ba a yankar ƙafarta guda a sayar don a sayi goro.

Amma akwai ɓoyon da ya ke komawa hasara. Mun san masu cusa takardun kuɗi a cikin matashin kai, da masu soke su a jinkar ɗaki, da masu zuba su a tulu su binne a ƙarƙashin gado. Waɗannan suna da abokan gaba huɗu. Na ɗaya gara, na biyu gobara, na uku mutuwa, domin sau da yawa mai ajiya ya kan tafi da asirinsa kabari, ya bar marayu suna kwana da yunwa a kan tulun kuɗi. Na huɗu kuwa shi ne canjin kuɗi, wanda ƙasar nan ta sha gani. Kalmar nan kuɗi ma kanta jam'in wuri ce, kuma waɗanda suka binne wuri a tukwane sun wayi gari ba mai karɓarsa bayan kuɗin Turawa sun kafu. Ran 1 ga Janairu, 1973 naira ta maye gurbin fam, fam guda ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. A Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun kuɗi, ta rufe iyakokin ƙasa, ta ba mutane kimanin mako biyu su canza. Na baya-bayan nan kuma, a Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris, 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A cikin kwanakin nan mun ga dattijo a layin banki riƙe da ƙunshin takardun da suka yi fumfuna suka manne da juna, yana ɓoye su a cikin riga, kunyar kuɗinsa ta fi ta mai bara.

Ko ba a canza kuɗi ba ma, tsadar kaya tana cin ajiyar tulu kamar gara. In farashi ya hau da kashi 34.8 cikin 100, kayan naira 1,000 sun koma naira 1,348 ke nan, watau kuɗin da aka binne shekara guda abin da za su saya bai wuce kashi uku cikin huɗu na abin da za su saya a da ba. Wannan lissafi ya shafi mai kwasar ƙarshe a adashi, saboda haka adalci shi ne a riƙa juya layi, wanda ya yi ƙarshe bana ya yi farko baɗi. Kuɗin da za a bukata nan kusa banki ya fi tulu, gama tun 2024 hukumar NDIC ta ɗauki lamunin ajiyar kowane mutum har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci in bankin ya karye. Wanda ba za a taɓa ba sai an jima, gara a mai da shi abin da ke tashi tare da kasuwa, kamar dabba, ko hatsin da iyali za su ci, a saya da kaka yana araha kafin damina ta zo ya yi tsada.

WA YA BIYA?

Da muka gama karanta takardun nan, sai muka ce wa ɗalibai su raba su kashi-kashi, amma ba bisa ga wadda ta fi ban kunya ba. Muka ba su ma'auni guda: duk kwabon da ka tsira da shi, tambayi kanka, wa ya biya shi? Da aka bi wannan ma'auni sai takardun suka rabu uku.

Kashi na farko shi ne wanda ba wanda ya biya. Guntun sabulu, da juyayyen ambulan, da rigar gwanjo, da cefanen yamma, da tafiyar ƙafa, duk ba su rage wa kowa kome ba. Abin da za a yar ne aka ci moriyarsa. Wannan shi ne tattali, kuma babu abin kunya a cikinsa ko kaɗan. In akwai aibi, to, a cikin ƙaryar da a ke rufe shi da ita ya ke, kamar ɗora wa likita ko ɗan'uwan da bai aiko da kome ba.

Kashi na biyu shi ne wanda wani ya biya. Mai filashin bai rage kuɗin kira ba, ya dai mai da shi aljihun wani, wata sa'a ma aljihun wanda bai kai shi samu ba. Haka mai ziyarar da ba ya tashi gaishe ka sai ya daidaici an sauke tukunya. Haka mai kwasar takardun ofis da allin makaranta ya kai gida. Haka wanda ya kwashi adashi ya daina zubi. Mafi muni a cikinsu, kuma mafi ɓoyuwa, shi ne maigidan da ya ke ba da kuɗin cefanen da ya san ba za su isa ba, ya sa kai ya fita, ya bar uwargida ta cike da ribar ƙuli-ƙulinta ko kuɗin kitsonta, sa'an nan ya zauna a majalisa yana yabon kansa wai ya iya riƙon gida. Wannan ba tattali ba ne, sunansa rowa, wani ma ya wuce rowa ya shiga haƙƙin mutane. Abin mamaki, shi ne kuma mutane ba su cika jin kunyarsa ba, har a kan mai da shi abin raha a ce wane ya cika wayo.

Kashi na uku shi ne wanda kai ne za ka biya, amma sai gobe, kuma da riɓi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa a asibitocinmu sau 6 a ke shansa cikin kwana 3. Wanda ya sha rabi ya ji sauƙi ya ajiye sauran don wata rana, bai kashe cutar ba, ya dai kwantar da ita, ta kan kuwa dawo ta ci kuɗin magani na biyu da kwanakin aiki. Direban da ya ke kashe inji a gangara don ya tsira da mai, ya sani motocin yanzu in inji ya mutu birki ya kan yi tauri, sitiyari ya yi nauyi. Mai tafiya da suɗaɗɗiyar taya, da mai ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana don ya ji za a ƙara kuɗi, duk rancen da ba su san ranar biyansa ba su ke ci. Haka mai sayen kome a ƙulli-ƙulli, madara da sukari da omo, in da zai zauna ya auna abin da ya saya a wata, sau da yawa zai ga ya biya fiye da mai sayen gwangwani ko mudu. Wanda ba shi da hali ba mu zarge shi ba, amma maƙwabta uku suna iya haɗuwa su sayi babba su raba. A cikin wannan kashi babu wanda ya kai cire yaro daga makaranta don a huta da kuɗin littafi, ko ɗora wa yarinya talla a lokacin aji. Mu da mu ke zagaya makarantu mun san kujerun da su ke zama wayam ranar kasuwa. Abin da aka tsira da shi a nan ƙalilan ne, wanda zai biya kuwa yaro ne da ba a yi shawara da shi ba, kuma zai yi ta biya har tsufansa.

FACI NA WAJE DA NA CIKI

Kada a ce gwano ba ya jin warin jikinsa, bari mu faɗi namu. Wata shekara mun fita rangadi, muka isa wata makarantar ƙauye ana cikin hutun tara. Muka nemi hedimasta ba ya ofis, sai muka zagaya baya muka same shi a tsugune yana daka guntayen alli a ɗan turmi, yana kwaɓawa da ruwan ƙaro, yana mulmulawa yana jerawa a rana. Dattijo ne, ya kusa ajiye aiki, ga faci a kafaɗar rigarsa. Da ya gan mu sai ya miƙe a gigice yana tura turmin da ƙafa. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, sai da muka yi murmushi, a zuci muna cewa wannan tsoho ya cika ƙwauro.

Da rana ta yi ya ja mu gidansa cin abinci. Muka tarar da rumbu biyu a tsaye, da awaki a turke, 'ya'yansa kuwa maza da mata ba wanda bai sa a makaranta ba. Aka kawo mana tuwo da miya wadatacce, har da guzurin ƙwai. Cikin hira muka ce masa, "Malam, da wannan hali naka ai ka fi ƙarfin riga mai faci." Sai ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ni facina a waje ya ke, kowa yana gani. Wani nasa facin a cikin aljihu ya ke. Ni dai ban taɓa sauya hanya don na hango mai kanti ba."

Bai san inda maganarsa ta faɗa ba. A shekarar nan mun ci bashi mun sayi ragon layya wanda ya fi ƙarfinmu, ba don kome ba sai don kada a ga namu bai kai na maƙwabci ba. Naman bai yi mako biyu ba, bashin kuwa sai da ya yi wata biyar yana cin albashinmu, kuma a daidai lokacin nan akwai layin da mu ke kauce wa a cikin garinmu. Muka hau hanya muka koma gida, ba wanda ya ji bakinmu a cikin mota.

Tun daga ran nan muka gane kunya ma saye a ke yi, tana kuwa da tsada. Yawancin bashin da ya ke wuyan ma'aikata ba na yunwa ba ne kaɗai, akwai na kada a ce: anko, da shagalin suna, da waya ta yayi, da ɗinkin da ba a bukata. Mutum ya ji kunyar a gan shi a kasuwar gwanjo sa'a guda, ya sayo wa kansa kunyar mai bin bashi ta wata shida. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, sun kuma ce daidai ruwa daidai tsaki.

SHAWARA

Shawararmu ga 'yan'uwa malamai da akawuna guda uku ce. Ta farko, kowa ya sami ɗan littafi ya rubuta duk abin da ya kashe wata guda cur, kome ƙanƙantarsa, har goro da katin waya. Mu da mu ke riƙe wa hukuma rajista da littafin kuɗi, abin kunya ne a ce ba mu san lissafin gidanmu ba. Wanda ya gwada zai ga ba a sabulu ne kuɗinsa su ke zurarewa ba. Ta biyu, duk dabarar da mutum ya ke yi ya ɗora ta a ma'aunin nan, ya tambayi wa ya biya. In ba kowa, ya ci gaba da abinsa a fili, ya daina yi mata ƙarya. In wani ne, ya bari, ko da kuwa a majalisa ana yaba masa wayo. In gobensa ce ko goben 'ya'yansa, ya bari tun yau. Ta uku, malamai su kai wannan magana cikin aji. Darasin kashi cikin ɗari ya fi zama a kan yaro in aka yi masa shi da kuɗin mudun gero da zubin adashi, kuma yaron da ya ga malaminsa yana ɗinke takalmi ba tare da sunkuyar da kai ba, ya koyi abin da ba ya cikin littafi.

Ɗalibanmu dai sun roƙi a mayar musu da takardunsu, muka ce ai ba suna, kowa ya zo ya ɗauki tasa in ya iya. Har yau suna nan a cikin aljihun teburinmu. Masu karatu kuma da su ke da irin tasu dabarar, muna so su rubuto wa Edita, ko da ba su sa suna ba, don mu ƙaru da juna. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a cikin ɗan abin da mu ke samu, amin.